Mama Za Ta Ci Jibi a Bencinta

Amarya tana cikin ɗaura wa surukarta ɗankwali karo na uku sai ga maigidanta a bakin ƙofa, ya sha kwat da taye, makullin mota na lilo a yatsansa.

"Me nake gani haka? Ina za ki kai ta?"

"Inda ake zuwa ranar Lahadi," in ji ta, ko waiwaye ba ta yi ba. "Mama, ɗaga haɓarki kaɗan. Yauwa."

Shekara goma sha tara da aure, ga 'ya'ya huɗu, amma har yau Amarya ake ce mata, don tsohuwar nan ce ta laƙaba mata sunan ya bi ta. Yanzu kuwa ita da ta raɗa sunan ta manta shi. Shekara biyu ke nan ciwon mantuwa ya kama ta. Ba ta gane ɗanta, ba ta gane jikokinta, cokali ma sai ta riƙe ta yi ta juya shi kamar yau ta fara gani. Addu'a ce kaɗai ba ta gudu ba. In ta ce "Ya Ubanmu", sai ka rantse lafiyarta ƙalau.

Addu'ar ce kuma ta jawo magana. Makon jiya Fasto yana tsakiyar wa'azi Mama ta miƙe tsam ta kama addu'a da ƙarfi, ta jero sunayen mutanen da suka daɗe a kabari, har da roƙon Allah ya dawo da marigayi mijinta lafiya daga tafiya. Matasa suka riƙa ƙunshe dariya. Shi kuwa maigida, dattijon ikkilisiya guda, yana zaune a gaba kamar ya nutse don kunya.

"An riga an yi magana," ya ce. "Ta huta a gida. Bayan sujada za a kawo mata Jibin Ubangiji har ɗaki."

"Har ɗaki? Fursuna ce? Wa ma ya kawo shawarar, dattawa ko kai?"

Ya hau gyara taye. Ta gane amsar, ranta ya ƙara ɓaci.

"Haba, Baban yara! Shekara arba'in tana share cocin nan, tana goge benci. Yau don ta yi wa Allah magana ba a kan tsarinku ba sai a kulle ta?"

"Mutuncinta nake karewa."

"Naka dai."

"To, ba a motata ba!" Ya buga ƙofa ya fita.

Kada ka ɗauka wata soyayya ce mai daɗi a tsakanin matan nan biyu. Ina! Da lafiyarta Mama ta gasa mata aya a hannu, ba ta taɓa cewa girkinta ya yi daɗi ba. Amma da ɗan farin Amarya ya rasu yana da wata uku, ta yi fushi da Allah, shekara guda bakinta ya ƙi furta ko "Amin". Kowa ya yi mata wa'azi ban da Mama. Ita kullum da safe sai ta durƙusa a ƙofar ɗakinta ta ce, "Ya Uba, ga 'yarka ta kasa magana, ni zan yi mata kafin ta iya." A bakin matar nan ta sake koyon addu'a. Ba za ta bari a rufe shi ba.

Yara sun riga sun tafi makarantar Lahadi. Ta rataya jaka, ta riƙo hannun Mama suka tari bas. Mama ta gaida duk wanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har direba.

A ƙofar coci mai raba wurin zama ta tare su da murmushin dole. "Sannu Mama. Ga wuri nan baya, kusa da ƙofa, ko da za a bukaci fita."

"Ba za a bukata ba, 'yar'uwa," in ji Amarya. Ta ratsa tsakiyar jama'a ana bin su da ido, ta zaunar da Mama a benci na uku, inda ta saba zama tun ƙuruciyarta.

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce a ranta, "Ubangiji, ba zan roƙe ka ka sa ta yi shiru ba. In ta miƙe, ka ba ni ƙarfi in miƙe tare da ita."

Mama ba ta miƙe ba. Ta yi gyangyaɗinta har aka gama wa'azi. Da lokacin Jibi ya yi, dattawa suka ɗauki tire suna bin benci-benci. An ba da gurasa, sai ga maigida da tiren ƙananan kofuna, don gefen nan rabonsa ne kullum, ba yadda zai yi ya tsallake. Ya miƙa yana kallon wani wuri.

Mama ta ɗauki kofi da hannu biyu ta sha. Sai ta cafke wuyan hannunsa, ta ƙura masa ido, ta yi magana da muryar da aka ji har benci na ƙarshe.

"Ɗan nan, kana da natsuwa. Wace ce uwarka?"

Coci ya yi tsit. Mai kiɗa ma ya ɗaga yatsunsa.

"Amsa mata mana, Dattijo," in ji Amarya a hankali. "Tambayarka ake yi."

Mama ta shafa bayan hannunsa.

"Ba komai. In ka koma gida ka gaishe ta. Ka ce mata ta iya tarbiyya."

"Za ta ji," ya ce.

Ya wuce benci na gaba da tirensa.