Dutsen Gaban Tanki

Tankinmu na siminti ne, ba a ganin cikinsa. Wata 'yar huda ce a gindinsa, mun toshe da guntun itace. In tanki na cike, kana zarewa ruwa zai yi tsartuwa har gindin kwakwa. Yana raguwa, tsartuwar tana ja da baya. Da haka muke sanin abin da ya rage mana.

Bana sama ta ƙi mu, rijiyoyin tsibirinmu duk sun koma gishiri. Mijina Kautu ya ajiye dutse a gaban tanki, ya ce, "Ranar da ruwa ya kasa kai nan, sai mu ƙaura birnin Tarawa. Ba zan zuba ido ƙishi ya kashe mini 'ya ba."

Babana, tsoho Tebano, ya ce, "To, a sauka lafiya. Ni wa zan bar wa kabarin uwarku?"

"Haba Baba, kabari ruwa yake sha?" Haka na faɗa masa, don ni bakina ba linzami.

Kullum da safe sai in zare itacen in ga inda ruwan zai kai. Ranar Asabar da ƙyar ruwan ya lashi dutsen. Na yi kuka, wallahi, ga 'yarmu Meere goye a bayana, nonona ya soma ƙafewa.

Lahadi Baba ya ce ƙafarsa na ciwo, bai bi mu coci ba. Muna dawowa na zare itacen. Ruwa ya yi tsalle, ya wuce dutsen da taku guda!

Na kurma ihu, "Kautu, zo ka ga ikon Allah!"

Kautu bai yi murna ba. Ya ɗaga kai sama, ko ɗigon gajimare babu. Ya tara hannu, ya kurɓa, ya tofar.

Gishiri.

Sai a lokacin na ga bokitai biyu jiƙe a bakin bututun da ke kawo ruwan sama daga rufin ɗaki zuwa tanki, ga sawun ƙafa ya yi hanya har bakin teku. Baba na zaune a inuwa, kafaɗunsa sun saɓule, yana haki.

"Baba, me ka yi mana? Shi ke nan ruwan da Meere za ta sha!"

Bai dube ni ba. Ya nuna tsartuwar da yatsa.

"Ai kun ce in ya kai dutse ba za mu tafi ba. To, duba, 'yata. Ya wuce."