Karfasar Eunice

Shekara biyu da komawar sojoji bariki, ni ma aka mayar da ni gida. Masaƙar da nake aiki a Kakuri ta ba mu hutu, ba ta faɗi ranar dawowa ba. Tun daga nan na zama ɗan aiken gidana. Mary, matata, tana fita sayar da atamfa, ni kuma ina jiran a ce Filibus, jeka.

'Yata Eunice tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma aikin nas ta sa a gaba. Kullum tana kan tabarma da littafin bayoloji mai kaurin bulo, tana zana ƙoda. Malaminsu, Mista Ernest, ya ce kowa ya zo da karfasa ranar gwaji a ɗakin kimiyya, wanda bai ci gwajin ba kuma ba za a sa sunansa a bayoloji a jarrabawar fita ba. Babu bayoloji, babu nas. Wannan ko ni na gane.

Ranar gwajin da safe na tafi kasuwa wurin Mama Ebuka mai kifi, na zaɓi babban kifin karfasa. Na ce makaranta za a kai, gaban malamai, saboda haka ta gyara shi da kyau, kada a ce daga gidan ƙazamai ya fito. Ta kankare ɓawon, ta datse fukafukan, ta zare kayan ciki, ta ciro jan abin nan da yake numfashi da shi. Na tsaya a kanta ina nuna mata inda ta bari. Na shekara ashirin ina duba aibin yadi, idona bai mutu ba.

Eunice na bakin ƙofa da kayan makaranta. Ta buɗe leda, ta daɗe tana kallo.

"Baba, abin da za a tambaye mu ne ka bari a kasuwa."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

Muka koma tare, ina gaba ina haki. Karfasa ta ƙare, sai kifin ƙanƙara mai sulɓin jiki. Mama Ebuka ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce oga, kai ne fa ka ce a ƙara kankarewa. Sannan ta turo mana robar da take zuba tarkace. Na naɗe hannun riga na tsuguna, ƙudaje suna yi mini sannu da aiki. Ina tsamowa, Eunice na cewa wannan, ba wannan ba, wancan na tarwaɗa ne. Ta hau acaɓa da leda biyu.

Na wuni a ƙarƙashin mangwaro ina warin kifi, ina shirya yadda zan gaya wa Mary.

Da yamma Eunice ta dawo, ta zube a tabarma. Ta ce Mista Ernest ya so ya kore ta, sai ya canza shawara: ya ce tunda nata a wargaje ya zo, ta mayar da kowane abu gurbinsa a gaban aji, tana faɗin sunansa da aikinsa. Ta yi. Ya sa sunanta.

Mary ta wanke karfasar ta jefa a miya, ta ce ai an riga an gyara.

Muna cin tuwo Eunice ta ce mako mai zuwa kwaɗo ne.

"Malam ya ce a gaishe ka. Ya ce ka kamo shi kawai, Baba. Kada ka yi masa komai."