Wasiyyar Guduma

"Fito nan, jakin dawa! Fito ki faɗa mini da bakinki!"

Renita Askew ta ajiye kofin da ke hannunta ta buɗe ƙofa. Maƙwabcinta ne, Baba Odell Pettway, tsaye kan ciyawar ƙofar gidanta da safiyar Asabar, cikin rigar barci, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Jakin dawa shi ne sunan da mutanen Harlow Bend ke kiran duk alƙalin wasan ƙwallon nan da 'yan wasa ke karo da juna sanye da hular kwano, saboda rigar nan mai ratsin baƙi da fari, don haka sunan bai dame ta ba. Abin da ya soke ta shi ne, mutumin da ya koya mata hawa keke tana 'yar shekara shida, yau yana laluben sunanta a fuskarta ya kasa samu.

"Ina kwana, Baba Odell."

"Ban kwana ba! Jikana kika kora daga fili jiya. Kendrell! A gaban mutanen jami'a da suka zo kallonsa. Sata ya yi?"

"Kai ya sunkuyar ya soki ɗan mutane a kunne da tsakiyar hular kwanonsa. Doka ta ce a fitar da shi. Yaron can ɗaukarsa aka yi, Baba, bai fita da ƙafarsa ba."

"Doka! A zamaninmu wannan sunansa gaisuwa."

Sai ga matarsa, Mama Verlene, ta tsallako shinge da ɗaya takalmin a hannu. "Ungo, tsohon banza, za ka sa mu a bakin duniya." Ta durƙusa ta sa masa, sannan ta dubi Renita. "Yi haƙuri, 'yar nan. Ya manta ya karya kumallo, ya manta sunan titinmu, amma ƙyallenki rawaya na hukunci da kika jefa jiya yana nan daram a kansa."

A wannan yanki na Mississippi, in ka ce Odell Pettway sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Guduma, har yaran da ba a haifa ba lokacin da yake wasa za su ba ka labari. Da kai yake kayar da mutum. Tsohuwar hular kwanonsa tana bisa talabijin a falo, duk ta sha zane da fentin hulunan da ya kara da su, ja da kore da shuɗi, kuma ya san sunan mai kowane zane. A gaban hular nan ya raini Kendrell bayan rasuwar uwar yaron, yana nuna masa zanen ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyar da baƙaƙe.

Yanzu Guduma yana da shekara hamsin da tara, ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Gari ya ce tsufa ne. Tsufa, a hamsin da tara! Cikin abokan wasansa, ɗaya yana gidan kula da gajiyayyu bai san 'ya'yansa ba, ɗaya an tsinci gawarsa a motarsa, amma gari ya ce kowa da ƙaddararsa, aka ci gaba da sayar da gasasshen nama a ƙofar fili kowace Juma'a. Renita ta karanta kimiyyar jiki a jami'a, tana koyar da ita a makarantar garin da ke gaba, ta ga hotunan ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane. Shi ya sa ta ɗauki usur da ƙyalle. Amma ta san iyakar ƙyalle. Za ta kori Kendrell yau, wani makon ya dawo da kansa a sunkuye. Mutum ɗaya ne a duniya zai ce wa yaron nan ya ɗaga kai ya ji, kuma mutumin yana zurarewa kamar ruwa a kwando.

Ta taɓa yi wa Mama Verlene maganar. Tsohuwar ta ce, "Ƙwallon nan kaɗai ya rage masa. So kike in ce masa shi ma guba ne?"

Ranar Lahadi bayan coci Baba Odell ya faɗi a matakalar gida, ƙeya ta bugi siminti. Asibiti suka ce jini ya taru a ciki, kuma kan ya riga ya gaji, babu sauran abin yi. Aka kawo gadon ƙarfe aka kafa a falo. Matan coci suka fara zarya da soyayyar kaza da burodin masara, har firij ya ƙi rufuwa.

Ranar Talata da la'asar Renita ta shiga ta karɓi Mama Verlene zaman jinya, don ta samu ta ɗora tukunya. Baba Odell ya buɗe ido ya dube ta, duba na sani.

"Renita 'yar Askew. Har yanzu kina faɗowa daga keke?"

Ta ce, "Na daina, Baba."

"Ƙarya kike." Ya yi murmushi, murmushin ya gushe. "Kan nan nawa, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Shekara ashirin ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Kuma na san inda na samo shi, ni ba wawa ba ne."

"Kendrell yana kan hanyar samo nasa."

Ya lumshe ido. Daga ƙofar kicin ta ji ƙarar cokali ta tsaya, ta waiga ta ga Mama Verlene tsaye, ta dafa bango.

"Kirawo mini shi," in ji Baba Odell. "In ce masa ya ɗaga kai. Ya riƙa ganin abin da zai buga. Ni na koya masa, ni zan warware. Yi sauri, 'yar nan, hankalina ba ya daɗewa a gida."

Wayar yaron tana kulle a ɗakin sauya kaya, kamar ta kowane ɗan wasa lokacin atisaye. Renita ta figi mota zuwa filin makaranta. Koci Tull, mai horar da su, ya hango ta ya tuntsire da dariya.

"Jama'a, a ɓoye kawuna, ga jakin dawa! Nan ma da ƙyallen kika zo?"

"Kakansa ne ke kiransa. Yanzu."

"Ya cika ne?"

"A'a, amma..."

"To saura minti ashirin. A filin nan ba a fita kafin usur na ƙarshe. Guduma da kansa bai taɓa fita ba, ko ranar da ubansa ya mutu."

Ta ɗaga murya ta kira Kendrell. Yaron ya waigo, ya ga wadda ta kunyata shi ranar Juma'a, ya ga abokansa suna kallonsa, ya juya ya koma layi. Ta tsaya a bakin fili tana jin ƙarar huluna suna haɗuwa, ƙwas, ƙwas, kamar ana fasa kwakwa, iyaye maza kuwa suna jingine da motocinsu suna tafi. Minti ashirin ya zama arba'in.

Da suka shiga falon, Kendrell bai ko cire kayan wasa ba, hularsa a hannu, warin gumi da ciyawa ya cika ɗakin. Baba Odell ya dubi hular, idonsa ya yi haske, amma Renita ta ga ba hasken ɗazu ba ne. Ya riga ya bar falon, yana wani fili na shekara arba'in da suka wuce.

"Baba Odell, ga Kendrell. Ka ce za ka gaya masa..."

Tsohon ya damƙi rigar yaron da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. "Sunkuyar da kai, yaro. Shige shi. Kada ya tashi."

Kendrell ya zube kan gwiwoyinsa yana kuka. "To, Kaka. Na ɗauka. Na yi maka alkawari."

Baba Odell bai sake magana ba. Ranar Alhamis da hantsi, Mama Verlene tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ya ja numfashi bai mayar ba.

Cocin ya cika ranar Asabar, 'yan wasa sun jeru a gaba cikin rigunansu masu lamba. Koci Tull ya hau mumbari ya maimaita kalmomin ƙarshe na Guduma, jama'a suka amsa da amin, wasu har da ɗaga hannu. Renita ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ana cin abinci a tsakar gida, ta tare Kendrell a gindin bishiya ta gaya masa duk abin da kakansa ya faɗa kafin ta tafi kiransa, ba ta rage ko kalma ba.

"Malama, ni da kunnena na ji tawa wasiyyar," in ji shi. "Taki wa ya ji?"

Renita ta juya wurin teburin abinci. "Mama Verlene, kina bakin ƙofa. Kin ji shi. Don Allah ki faɗa."

Koci Tull ya sauke cokalinsa, fasto ya dubi takalminsa. Mama Verlene ta daɗe tana kallon tiren da ke gabanta.

"Ɗauki kaza, 'yar nan," ta ce, "kafin ta huce."

Renita ta tsallaka shinge ta koma gida, ba ta ɗauki komai ba.

Rana na shirin faɗuwa motar ƙarshe ta tashi. Daga tagar kicin ɗinta ta hango Kendrell zaune kan matakalar gidansu, ya kwance maɗaurin wuya. Ƙofa ta buɗe, Mama Verlene ta fito cikin baƙar rigarta, ba takalmi, ta zauna a matakalar da ke bayansa. Ta sa tafukanta biyu ta tallafi kan yaron, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da madara. Ta sunkuya kusa da kunnensa. Daga inda Renita take, ba a ganin ko bakinta yana motsi.