Burukutun Maikano a Madinat Nasr

Maikano direba ne a wani ofishin jakadanci a Alƙahira, yana zaune a unguwar Madinat Nasr, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya sha labarin burukutun tsohuwarsa. Ƙwarya biyu, in ji shi, sai ƙato ya nemi bango ya dafa. Tsohuwar ta rasu a farkon 1998 bai samu zuwa jana'iza ba, abin ya tsaya masa a rai. A garinsu idan mamaci ya shekara akan dafa giya, dangi su sha su ambaci sunansa. Sai ya rantse shi zai dafa da hannunsa, ya gayyaci 'yan garinsu bakwai da ke birnin.

Matarsa Comfort ta ba shi shawarar ya sayo ta kwalba ya huta. Ya ce mata wanda aka haifa a gindin tukunya ba ya neman darasi wurin kowa. Ta ce tamam, ta ci gaba da gugarta.

Ya hau ƙaramar bas zuwa kasuwar Ataba, ya yi ta bulayi har ya samu dawa wurin mai sayar da abincin tsuntsaye, wanda ya tambaye shi tantabaru nawa gare shi. Ya jiƙa dawar, ya shanya a baranda ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da ta yi tsiro sai ya riƙa tafiya a falo kamar wanda aka ƙara wa girma. Ya busar, ya niƙa, ya dafa yini guda, ya tace da ɗankwalin Comfort na zuwa coci ba tare da ya tambaya ba. Daga nan ya rufe tukunyar ya ajiye a baranda cikin sanyin Janairu, yana jiran ta taso.

Ba ta taso ba. Maikano ya leƙa, ya ga ruwa kwance lumui, ya ce ai mai kyau ba ta hayaniya.

Ranar taro aka zuba wa Baba Bitrus, dattijon cikinsu, a ƙwaryar da Maikano ya taho da ita daga gida. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana," in ji shi, "wannan kunu ne. Ko ɗaliban nan Musulmi da ke zaune a ƙasan benenku za su iya buɗa-baki da shi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka ci shinkafa, ba wanda ya ambaci sunan tsohuwar. Kunya ta rufe Maikano, bayan kunyar kuma baƙin ciki.

Da baƙi suka watse ya tsare Comfort a kicin, wai ita ta taɓa masa tukunya. Ta bayyana masa a hankali cewa sabuwar giya ba ta tashi sai an zuba mata guntun tsohuwa. Shi ne abin da Mama, tsohuwarsa, take zuwa karɓowa gidan maƙwabta da 'yar ƙwarya duk ranar dahuwa. Maikano ya ce shi ya ɗauka tsegumi take zuwa yi.

"Shekara talatin kana zaune gefen tukunyarta, Maigida," in ji Comfort, tana wanke kofuna. "Ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai daga ƙwarya ka dubi abin da take yi ba."