Lambar Tagulla a Wuyan Mijina

Shekara goma sha tara mijina yana kula da tukunyar tururi a masaƙa. Ranar da tukunyar ta fashe, mutum biyu ne a ɗakin, shi da wani injiniya Bature da ma'aikata suke kira Dogo. Wuta ta cinye su duka, har ba a iya cewa wannan fari ne, wannan baƙi.

A masaƙar kowa yana rataye da lamba a wuya. Ta Turawa ta tagulla ce, ta mutanenmu ta baƙin ƙarfe. Da lambar aka raba gawarwakin. Mai tagulla aka sa shi a akwati mai sheƙi. Mai ƙarfe aka kawo mini a akwatin katako, an buga ƙusoshi.

Na ce sai na gan shi. Wan mijina ya ce, "Me za ki gani? Gawayi?" Na zauna a kan akwatin, na ce ba mai ɗaga shi. Da suka gaji, kafinta ya buɗe ta wajen ƙafafu. Mijina yatsu uku ne a ƙafarsa ta hagu, ƙarfe ya datse biyu tun yana saurayi. Ni nake yanke masa farce, na sani. Ƙafar hagun da na gani ta ƙone baƙi ƙirin, amma yatsunta biyar cif.

Na ce, "Yaya, wannan ba shi ba ne."

Ya ce, "Rufe mana baki. Baƙin ciki ya juya miki kai."

Aka binne shi da sunan mijina, muka yi waƙa, na yi kuka a kan mutumin da ban taɓa gaisawa da shi ba.

Bayan kwana huɗu mai sito na masaƙar ya zo gaisuwa. Na ja shi bayan gida na tambaye shi. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Manyan kayan aiki ba ma ba wa kowa sai mai lambar tagulla. Dogo kuwa ba ya son hawa matakalar sito. Sai ya ba mijinki tasa, shi ya rataya ta mijinki, don ba a yarda kowa ya tsaya wuya babu lamba. Ranar ma da safe mijinki ya zo da tagulla ya karɓi babbar sifana. Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Cocinmu ɗaya ne da Turawan, fasto ɗaya, amma sujada biyu. Tasu ƙarfe takwas, tamu sha ɗaya. Maƙabartar da ke bayan cocin ma ɗaya ce, sai dai an ja waya a tsakiya, da ƙofa da kwaɗo. Daga ɓangarenmu ina hango tulin furanni a kan sabon kabari. Mijina ne a ƙarƙashi, taku ashirin tsakanina da shi.

Na je wurin fasto na faɗa masa komai. Ya ce, "'Yar'uwa, a wurin Ubangiji babu fari babu baƙi. Jinin Yesu ɗaya ya fanshe su. Ki bar su su kwanta."

Na ce, "Na yarda, fasto. To a ba ni makullin ƙofar in riƙa zuwa ina durƙusawa."

Ya dubi takalminsa. Ya ce, "Wannan kuma sai kwamiti."

Shi ya sa na tafi gidan matar Dogo. Ban je don a tono kowa ba, Allah ne shaidata. Na ce a raina mu biyu wuta ɗaya ta mayar da mu gwauraye, za ta gane. Na tsaya a ƙofar kicin, ta fito idanunta sun kumbura kamar nawa. Na ce, "Madam, mijinki yana wurina. Na share masa kabari, na zuba ruwa, na yi masa addu'a. Nawa yana wurinki. Ki bar ni in riƙa shiga ranar Asabar, ke ma ki zo ɓangarenmu duk lokacin da kike so."

Ta sa na maimaita, na maimaita. Sai ta kai hannu bakinta tana gogewa. Ta ce, "Kina nufin wannan akwatin da na sumbata? Lebura na sumbata?" Ta juya ta yi amai a wurin wanke kwanoni, ta ce wa kuku ya fitar da ni, ya wanke inda na taka.

Kwana uku bayan haka Madam ta sa aka tono su, da rana tsaka, mutane sun cika bakin waya suna toshe hanci. 'Yan'uwan Madam suka ce akwatin nasu ne. Suka juye mijina a kan tamfol, suka ɗauke akwatin. Ba su buɗe ƙofar ba, wai ba a ga makullin ba. Mutum biyu suka ɗaga ƙasan wayar, aka turo shi ta ƙarƙashi, tamfol ɗin yana kamawa a ƙayar wayar.

Kada a ce namu sun fi su. Wan mijina da abokansa suka fito da akwatin Dogo suka yar a rana. Wani ya ce, "Oga, yaya haya a unguwar talakawa?" Aka yi dariya. Wata tsohuwa da muke zama benci ɗaya a coci ta tofa masa miyau. Na ce, "Mama, gawa ce fa." Ta ce, "Ke kika jawo mana wannan, sai ki yi shiru."

Madam ta ce ba za a sa mijinta a ramin da baƙi ya kwanta ba, aka haƙa sabo. Da wan mijina ya ji haka, ya ce shi ma ƙanensa ba zai shiga ramin Bature ba. Mai haƙa kabari ya ce ƙarfinsa ya ƙare, sai wan mijina ya karɓi shebur. Muka tsaya muna jira, mijina yana kwance a ƙasa, ƙudaje sun taru. Na cire mayafina ina kora.

Babu akwati, don na katakon ya tafi da Dogo a ciki. Da aka zo ɗauka, maza suka ja baya saboda wari. Na kama tamfol ta wajen kai, mai haƙa kabari ya kama ta wajen ƙafafu, muka sauke shi.

Fasto yana can ɗaya ɓangaren da farar rigarsa, muryarsa tana zuwa mana kaɗan-kaɗan. Ya aiko cewa in ya gama zai zo. Wan mijina ya ce ba za mu jira ragowar addu'a ba, a rufe kawai.

Na ce a dakata. Ban iya karatu sosai ba, ban taɓa yin addu'a a gaban mutane ba. Na durƙusa a bakin ramin na ce, "Ubangiji Yesu, ga bayinka biyu. Da ƙasa ɗaya ka yi su, kuma kai ba ka bukatar lamba kafin ka gane naka. Ka karɓi mijina. Ka karɓi Dogo. Ka ji tausayin matarsa."

Wan mijina ya daka mini tsawa, "Ba a bakin kabarin ƙanena ba! Cire sunan mutumin nan!"

Ban cire ba. Na ce amin ni kaɗai, na ɗebi ƙasa da hannu biyu na zuba masa.