Haruffan Tsohuwar Jif

A garejin da ke bayan layin masu walda, babu wanda ya san tsohon da wani suna sai Baba Mai Jif. Shi ma hannu bibbiyu ya karɓi sunan, don ya kwana biyu rabon da wani ya kira shi ido da ido da kowane irin suna. Tun da matarsa ta rasu gidansa ya koma wurin kwana kawai: ɗaki da falo, da firij mai gurnani, da kujerun roba biyu a tsakar gida, ɗaya ya kife ta a jikin bango. 'Yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Tana kira a waya, ba za a ci haƙƙinta ba, amma kiran nata irin na wadda ta bar tukunya a wuta ne. Ya jiki, ka sha magani, yara na gaishe ka, sai an jima.

Jif ɗin kuwa irin ta da ce, mai ja da ƙafa huɗu, jikinta kamar akwatin ƙarfe. Da ita ya yi ƙuruciyarsa yana kai ma'aikatan safiyo cikin daji, inda titi yake ƙarewa a ci gaba da tafiya. Da ya ajiye aiki aka bar masa ita, don a lokacin ta riga ta zama gwangwani. Ta daɗe a tsakar gidansa tana tsatsa, matarsa na shanya tsummoki a kan madubinta. Bayan rasuwar ne wata safiya ya nemo janwe, ya kai ta garejin da ya ji an ce sun ƙware wajen tayar da tsofaffin motocin daji.

Gyaran ya ja lokaci, kuma Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya hau bas ya sauka a bakin layin. Akwai wani benci a gefen ramin duba mota, ƙafarsa ɗaya tubali ne, nan ne mazauninsa. Oga, mai garejin, yakan ɗaga masa hannu daga ƙarƙashin mota. Babban makaniki, wanda suke kira Sifana, mutum ne mai tumbi da surutu, shi ke tsokanarsa.

"Baba, wannan amaryar taka fa ta girme ni. Jiya na buɗe injin na tarar da gidan ɓera har da falo."

"Ka yi mata ladabi dai," in ji Baba. "Inda ta shiga, kai ko a mafarki ka je sai ka dawo da zazzaɓi."

Idan an dafa shayi, da kofinsa. Idan gardama ta tashi a kan ƙwallo ko a kan wace taya ce ta fi jure dutse, shi ake juyowa a ce ya raba. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ke nan abin da yake da shi a duniya, kuma ya sani.

Garejin yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa. Haruffan sunan mota, waɗanda ake liƙawa a goshin bonet da ƙofar baya, su ne aikin ƙarshe. Mai motar ne yake danne su da hannunsa, a tafa masa, a buɗe get, ya ja abarsa ya tafi. Mota ba ta kwana a garejin da sunanta a jiki. Baba ya sha ganin ana yi wa wasu, har shi ma yana tafawa. Sai da jif ɗinsa ta fara kama da mota, injin ya tashi, aka ɗaura ƙofofi, sannan ya fara kallon ɗan ɗakin gilashin da ke kusurwa da wani irin ido.

A ɗakin nan Mai Haruffa yake aiki. Siririn mutum ne mara magana, da tabarau a kan hanci, da kwamfuta, da injin yanka, da nadin ledar sitika kala-kala a jingine da bango. Kamfanonin da suka ƙera irin waɗannan motoci sun daɗe da daina buga haruffansu, don haka shi yake sake yin su daidai da na asali. Tun kafin a kankare tsohon fentin jif ɗin ya zo da takarda mai shara-shara da fensir. Haruffan da kansu sun daɗe da zubewa, amma inda suka zauna rana ba ta ci fentin ba, sai ga inuwarsu ɓaro-ɓaro a kan bonet. Ya shimfiɗa takardar ya bi inuwar a hankali, ya kai ta ɗakinsa.

Da Mai Fenti ya gama fesa mata kore irin na da, Mai Haruffa ya ce ba za a liƙa komai ba tukuna.

"Sabon fenti yana numfashi, Baba. In aka rufe shi yanzu, ledar za ta yi ƙuraje. Sai an ba shi 'yan makonni."

Baba ya ɓata fuska kamar an cuce shi, ya ce to ya za a yi. A bas kuwa, a hanyar gida, har da 'yar waƙa yake yi a ƙasan maƙoshi.

Amma makonni ba sa tsayawa don kowa. Ranar da Mai Haruffa ya fito da haruffan a manne a jikin takardarsu, fari tas, Baba ya karɓa ya ɗaga su sama, ya karkata kai.

"Farin ya yi yawa, ɗana. Na asali yana da ɗan ruwan madara."

Mai Haruffa bai musa ba, don gaskiya ne, tsoffin sukan zo haka. Ya yi odar wata leda, aka jira ta iso. Da ya yanko na biyu, ya zauna da tsinkensa ya tsince ledar da ke tsakanin haruffa ɗaya bayan ɗaya, Baba ya auna da ɗan yatsa ya ce ƙafafun sun yi kauri. Wannan karon Mai Haruffa ya ɗauko takardar da ya kwafi inuwar, ya ɗora a kai. Ko gashi ɗaya ba su saɓa ba. Duk da haka ya rage musu kaurin da ido ba ya gani, ya sake yankowa.

Sifana ya ce, "Baba, ko surukar da ta fi kowa tsegumi ba ta kai ka ba. Gobe kuma cewa za ka yi ba su da ƙamshin na da."

Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Amma ya san babu abin da ke damun haruffan. Abin da ke damunsa shi ne benci, da kofi, da hannun da ake ɗaga masa da safe. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a lokacin da mota ta mace masa a tsakiyar rafi.

Oga ne ya zo ya zauna kusa da shi wata rana da hantsi, yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ka san kai namu ne. Amma akwai mai wata mota da ya daɗe yana jiran wurin nan, har na fara jin kunyarsa. Gobe mu sa wa taka sunanta, ko?"

Baba ya buɗe baki zai kawo wani aibin, ya laluba bai samu ba. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Washegari aka wanke bonet ɗin aka tsane shi. Mai Haruffa ya auna tsakiya, ya ja layi da tef mai takarda, ya fesa ruwan sabulu kaɗan don ledar ta iya motsi kafin ta kama. Ya ɗora jerin haruffan, ya matsa hagu, ya dawo dama, ya ja baya ya duba. Sannan ya miƙa wa Baba ɗan katin roban da ake dannewa da shi.

"Daga tsakiya zuwa gefe, Baba. Ka kori ruwan. Da ka danne, shi ke nan, ba ta sake motsi."

Baba ya karɓi katin da hannunsa na tsohon direba. Ya danne harafi bayan harafi, ruwan sabulu na tsiyayowa ta ƙasa. Aka ɗan jira, Mai Haruffa ya kama gefen takardar sama ya janye ta a kwance a hankali, sai ga sunan motar ya fito a kan koren fenti kamar ranar da aka sauke ta daga jirgi. Aka yi na ƙofar baya. Mutanen garejin suka tafa, Sifana ya yi fito, Mai Fenti da ba ya magana ya ce kai, ta yi kyau. Tun Baba bai gama gaisawa da kowa ba aka wangale get.

"Ka riƙa leƙo mu fa, Baba," in ji Oga.

"Sosai ma," in ji Baba.

Ya leƙa kuwa sau ɗaya, a bas, kamar da. Aka yi murnar ganinsa, aka gaisa, amma wata jar mota ce a kan ramin, mai ita kuma yana zaune a bencin yana duba waya. Aka kawo wa Baba wani galan ya zauna a kai. Duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko lafiya motar, ya ce lafiya ƙalau, sai maganar ta tsaya nan. Mutumin da ba shi da mota a gareji baƙo ne, baƙo kuma ana jiran ya tashi. Bai kai azahar ba ya yi sallama.

A gida jif ɗin ta cika tsakar gida tana sheƙi. Yakan tayar da ita ya zagaya unguwa, mutane na nuna ta da hannu, ya dawo ya kashe. Ya ɗauki hotonta ya aika wa 'yarsa, ta amsa da cewa ta yi kyau Baba, a yi tuƙi a hankali. Da safe har yanzu yakan yi wanka ya sa riga mai guga, sai ya tsinci kansa zaune a kujerar roba, yana kallon motar da babu abin da ya rage a yi mata. Sifana ya yi aikinsa da gaskiya, ko ɗigon mai ba ta zubarwa.

Wata safiya yana goge bonet ɗin da tsumma, ya tsaya a kan harafin ƙarshe. Ya sa farcen babban yatsansa a kusurwa. Ledar ta kama da kyau, sai da ya yi da gaske kafin bakinta ya ɗaga. Ya ja, rabin harafin ya yage ya biyo yatsansa. Ya tsaya yana kallon abin da ya yi, kunya ta rufe shi, dattijo da furfurarsa. Amma bai fasa ɗaukar makulli ba. A hanya yana ta lissafin yadda za ta kasance: sai an nemo ledar, sai an jira, ƙila ma a ce fentin wurin ya taɓu.

Da ya shiga layin ya danna ham, Sifana ya leƙo.

"A'a, amarya ta yi yaji ne?"

"Harafi ne ya ɗaye," in ji Baba, bai kalli kowa ba. "Haka kawai na tashi na gan shi."

Mai Haruffa ya fito, ya gyara tabarau, ya shafa wurin da yatsa. Ya ɗan daɗe a kan kusurwar. Sannan ya ce a yi haƙuri, yakan faru. Baba ya juya zai nufi inuwa ya nemi wurin zama.

"Kada ma ka zauna, Baba," in ji Mai Haruffa. "Yana cikin kwamfuta, ledar ma akwai saura."

Injin yankan ya yi ɗan ƙugi ya yi shiru. Kafin ruwan shayin da Sifana ya ɗora ya tafasa, an ɗaye guntun, an goge gam, an fesa, an danne sabon harafi. Ko wanda ya ƙera motar ba zai gane an taɓa ba.

Mai Haruffa ya koma ɗakinsa, ya ɗan jima, ya fito da babban ambulan mai kauri. Ya miƙa wa Baba ta tagar mota da hannu biyu.

"Na yanko maka cikakken jeri, na gaba da na baya, har da katin dannewa na sa a ciki. Ai ka iya, hannunka ya fi na wasu masu sana'ar. In wani ya sake ɗayewa, ka sa abinka a gida. Hanyar nan da nisa, bai kamata a ce kana wahalar zuwa saboda harafi ɗaya ba."

Baba ya duba fuskarsa yana neman wani abu, bai ga komai ba sai kirki. Ya karɓa, ya ajiye a kujerar gefe, inda babu kowa.

"Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka."

Akwai wata janwe a bayansa da ke son shigowa, direbanta na ta danna ham. Oga ya fito yana yi masa hannu, dama kaɗan, Baba, dama, yawwa, taho. Baba ya sa giyar baya ya ba su hanya.