Tabaraun Baba Direba

Baba Direba ya ɗora wayarsa a kan teburin mai gyaran waya, tsakanin wani kumburarren batir da tulin ƙananan kusoshi, ya ja kujera ya zauna.

"Dakta, tabarau nake so. Na wasan harbin nan."

Dakta, wanda 'yan kasuwa suka laƙaba wa sunan don ba wayar da ke mutuwa a hannunsa, ya ɗago kai daga wadda ya farke. Ya dubi furfurar mutumin, ya dubi rigar aikin da ke jikinsa mai tambarin makarantar yara.

"Har da kai, Baba? Wa ya ba ka labarin tabarau?"

"Autata. Jiya ta ce, Baba, wallahi sai ka nemi tabarau, in ba haka ba kullum kai za a fara harbewa."

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Da bakinta. Kuma ta fi ni da kai sanin wasan nan."

Dakta ya yi 'yar dariya ya jona wayar a kwamfuta. A bakinsa da na masu zama a shagonsa, tabarau wata 'yar manhaja ce da ake cusa wa wasan ta bayan fage, mutum ya riƙa hango abokan karawarsa ko suna bayan bango. Bai ga dalilin yi wa dattijo dogon bayani ba, shi kuma dattijon bai tambaya ba. Wasan cike yake da sunayen da bai gane ba, akwai jaka, akwai sulke, akwai hayaƙi, to don me ba za a samu tabarau ba?

Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai tafiyar yini guda daga gida. Wata bakwai da suka wuce, da ta zo hutu, ta saka masa wasan don tsokana. Ana zuba mutum ɗari a wani tsibiri, huɗu-huɗu, tawagar da ta rage a raye ita ke da nasara. Tsokana ta zama jiki. Kullum ƙarfe goma sha biyu, bayan ya sauke yara kafin lokacin kwaso su, sai ya faka bas a inuwar katangar makaranta ya toshe kunnuwansa da iyafis. Ita kuma lokacin hutunta ke nan. Tawagarsu su huɗu ne: Auta, da wani mai gardamar tsiya da ake kira Lauya, da wani mai siririyar murya da ake kira Tsinke, sai shi. Bai taɓa ganin fuskar waɗannan biyun ba, amma ya san tarin kowannensu.

Aikinsa a wasan tuƙi ne, kuma nan kam ba a ja da shi. Shekara ashirin da takwas a kan sitiyari ba wasa ba ce, ko motar ta cikin waya ce. Amma da an ce a sauko a yi harbi, sai labari ya sha bamban. A wata bakwai mutum uku ya kashe, ɗaya daga cikinsu ma Lauya ne, da ya bi ta kansa da mota a ribas.

Shi dai bai damu ba, sai shekaranjiya da Tsinke ya manta bai kashe makirufonsa ba. "Da za mu samu na huɗu mai hannu," ya ce wa wani a gefensa, "da tuni mun haye mataki na gaba." Baba Direba ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Maganar ta tsaya masa a rai, domin wannan awa ɗayar ita ce kaɗai lokacin da yake jin dariyar 'yarsa. A kiran waya na yau da kullum kunya ke ɗaure su duka, gaisuwa kawai, sai ya miƙa wa uwarta. Tsoronsa ɗaya ne, kada wata rana a ba wani kujerarsa.

"Ga ta nan," Dakta ya ce yana miƙa masa wayar. "Amma ka bi a sannu, Baba."

"Ni da ke tuƙa 'ya'yan mutane, ni za ka koya wa sannu?"

Sha biyu na bugawa yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe don iska, ƙafa ɗaya a kan matakala. Aka gaisa. Auta tana tauna wani abu tana ba su labarin wani majinyaci da ya ɓoye rediyo a ƙarƙashin filo. Aka zuba su a tsibiri.

Nan take ya ga duniya ta canza. Ko'ina jajayen mutane ne ƙanana, wasu a tsugune cikin ɗakuna, wasu a kwance bayan duwatsu, kowa da 'yar lamba a kansa mai nuna nisansa. Ashe haka yaran nan ke gani tun tuni suka bar shi cikin duhu! Ya gyara zama.

"Ku tsaya," ya ce. "Akwai mutum biyu a benen nan, ɗaya bayan ƙofa."

"Baba, ba kowa a nan," in ji Lauya.

Baba Direba ya lallaɓa ya tsaya saitin ƙofar, yana buɗe ta ya saki wuta. Mutumin ya faɗi. Na biyun ya leƙo, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Auta ta ƙware da abin da take ci. "Baba, kai ne?"

"Da tsohuwar zuma ake magani," ya ce, yana jin kansa na kumbura.

Kafin a tashi ya kwantar da mutum tara, suka ci wasan. Tsinke ya dinga yi masa kirari da 'yar muryar nan tasa, Lauya ya ce ya yafe maganar ribas har abada. Rabon Baba Direba da ya ji daɗi irin wannan har ya manta. Mai gadin makaranta da ya zo wucewa ya tsaya yana kallon dattijo yana dukan sitiyari shi kaɗai.

A wasa na biyu ne wani abu ya fara sukar sa. Ya lura duk sanda ya ce ga mutum can, sai sauran su ce ina. Lauya ya taka har gaban wani jan mutum da ke kwance a ciyawa bai gan shi ba. In kowa na da tabarau, me ya makantar da su? Tambayar ta zo masa sarai, ya ture ta gefe, domin Auta na dariya kuma ba ya son ta daina. Suka sake ci.

Ana gamawa wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, a layin waya, ba cikin wasa ba.

"Baba, tambaya zan yi, don Allah kada ka ji haushi. Ya aka yi ka san akwai mutum bayan tankin ruwan nan?"

"Na gan shi mana. Tabaraun da kika ce in nema, na je Dakta ya saka min da safe."

"Dakta wane? Na asibitin ido?"

"Wane irin asibitin ido? Dakta mai gyaran waya."

Ya ji ƙarar keken marasa lafiya na wucewa a can wajenta. Sai kuma ta fashe da dariya, irin wadda ke hana mutum numfashi. Da ƙyar ta iya magana.

"Baba, tabarau na ido nake nufi. Gilashi. Da na zo hutu na ga yadda kake miƙar da waya can nesa kana ƙanƙance ido in za ka karanta saƙo."

"Idona? Ni da ke hango akuya tun daga kan gada?"

"Nesa kana gani, kusa ne ba ka gani. Shekaru ne, ba laifi ba ne." Dariyar ta fara janyewa daga muryarta. "Wannan da aka saka maka maguɗi ne, Baba. Ba wanda ke ganin jajayen mutanen nan sai kai. Waɗanda ka harbe mutane ne kamar mu, wani ma ƙila hutun aikinsa ne kamar ni. In sun kai ƙara za a dakatar da kai, mu kuma a ƙwace mana makin yau. In abin ya maimaitu har mu za a haɗa."

Baba Direba ya dubi fuskarsa a madubin bas. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa. Shi da ko layin shan mai bai taɓa tsallakewa ba, yau ga shi ya harbe mutum goma sha bakwai ta bayan bango, yana kuma karɓar kirari.

"Bari in gaya wa su Lauya kuskure ne," Auta ta ce. "Ka bar min, na san yadda zan tsara maganar. Ai ba ka sani ba."

Tayin ya yi masa daɗi, saura kaɗan ya karɓa. Sai dai ya san a wasa na biyu ya sani, ko da rabin sani ne.

"A'a. Haɗa ni da su."

Ta haɗa su. Ya yi gyaran murya kamar zai yi wa shugaban makaranta bayanin ɓacin mota, ya faɗi komai tun daga teburin Dakta. Lauya ya yi dariya har da tari. Da Baba Direba ya zo kan wasa na biyu bai rage komai ba.

"Na farko rashin sani ne. Na biyun na zargi abin, amma daɗi ya hana ni tsayawa. Na ji abin da ka ce shekaranjiya, Tsinke, kuma ba ƙarya ka yi ba. In kun samu mai hannu ku ɗauka, ba zan riƙe kowa a zuciya ba."

 Can sai aka ji Tsinke ya fita daga layin.

Ƙarfe biyu yara suka cika bas da hayaniya, ya rarraba su gida-gida kamar kullum, ya biya kasuwa. Dakta ya ce akwai wani sabon samfuri da kamfanin wasan ba ya iya ganowa, in yana so.

"Cire min wannan ɗin dai. Kuma gobe in dattijo ya zo neman tabarau, ka fara tambayarsa ko na hanci ne."

Kafin ya kai gida saƙo ya shigo. Ya miƙa wayar can nesa, ya ƙanƙance ido, ya kasa, sai maiɗakinsa ce ta karanta masa a tsakar gida: an dakatar da shi kwana goma. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Ɗalibai na makaranta lafiya, direba aka kora."

Washegari da hantsi ya je aka auna idonsa, ya fito da gilashi mai baƙin kewaye. Sha biyu ta same shi a inuwar katanga, ba abin yi. Ya duba farcensa, ya karanta ƙananan rubutun da ke jikin na'urar kashe gobara, waɗanda shekara da shekaru ya ɗauka ado ne. Ya san a wannan lokacin an riga an zuba su a tsibiri, kuma wani na zaune a kujerarsa. Ya yi ƙoƙarin kada abin ya dame shi, amma ya dame shi.

Sha biyu da kwata waya ta yi ƙara. Da ya ɗauka sai ya ji su duka uku a layi, Lauya na ta sababi.

"Har kun gama?" ya tambaya.

"An gama da mu dai," in ji Auta. "Ko harsashi ɗaya ba mu harba ba."

"Na huɗun naku fa?"

"Wane na huɗu? Mu uku muka shiga. Tsinke ya ce ba za a ɗauki kowa ba, shi zai tuƙa."

"Gadar nan ta bakin kogi," Lauya ya karɓe. "Ya shigo kwanar da gudu, ya danna birki, sai ga mu a ruwa, taya huɗu na kallon sama."

Baba Direba ya cire gilashin ya goge shi da gefen riga, duk da ba abin da ya taɓa shi.

"Ba a taka birki a tsakiyar kwana, Tsinke. Tun kafin ka shiga ake rage gudu."

"Na gani, Baba." Muryar ta ƙara sirancewa.  "Saura kwana nawa?"

"Tara," Baba Direba ya ce, ya mayar da gilashin kan hancinsa. "Ku bi su a hankali."